Jini a Filin Dambe: Abin da Ke Bin Ɗan Wasa Har Gida

Ina gaishe ku daga nan Dogon Dawa, ƙasar Birnin Gwari.

Maganar yau ta 'yan dambe ce da 'yan kokawa, har da 'yan ƙwallo. Kun san yadda kaka take a ƙasar Hausa. An cire masara, an yanke dawa, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai ganga ta fara kira. Mu nan yankin mun yi shekaru muna ji daga nesa, saboda halin da daji ya jefa mu. Tun bayan sulhun ƙarshen 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, mutane sun fara samun sukunin fita, samari na zirga-zirga zuwa Funtuwa da Zariya da Kano. Wasu kallo ke kai su, wasu kuma su ne ke ɗaure hannu. To tunda taro na dawowa, gara mu yi wannan maganar yanzu.

In ka tambayi ɗan kallo haɗarin dambe, zai ce maka karaya, ko zubar haƙori, ko a sumar da mutum. Gaskiya ne. Amma naushi kowa na ganinsa, a gaban jama'a ake yinsa, a gaban jama'a ake yayyafa wa mutum ruwa ya farfaɗo. Ni abin da ke damuna shi ne wanda ba a gani, wanda ke shiga ta jini ko ta fata, ɗan wasa ya kai shi gida, ya kai wa matarsa, bai sani ba.

Kada wani ya ce wannan tsoron talaka ne. Akwai wani wasa da ake yi a ƙasashen sanyi, na zamiya a kan ƙanƙara, mutum ya sa takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa yana juyi yana tsalle. Mai wasan shi kaɗai ma ko taɓa abokin gasarsa ba ya yi. Duk da haka, a watan Maris na 2020 an soke gasarsu ta duniya a birnin Montreal na Kanada saboda korona. A wasannin Olamfik na hunturu na 2022 a Beijing, wani ɗan Amurka mai suna Vincent Zhou ya yi wa ƙasarsa wasa a gasar ƙungiya, gwaji ya nuna ya kamu, dole ya janye daga gasar mutum ɗaya da ya yi shekaru yana shiri dominta. To in waɗanda ba sa haɗa jiki suna ɗaukar cuta da wannan muhimmanci, ina ga mu da muke haɗa ƙirji da ƙirji, goshi da goshi, jini na zuba?

Mu fara da babbar: ciwon hanta nau'in B. Ƙwayar cutar a jini take, da ruwan jikin da ake musaya wajen saduwar aure. Tana da wani hali da ya kamata kowane ɗan dambe ya haddace: tana iya rayuwa a wajen jikin mutum aƙalla kwana 7. Wato jinin da ya bushe a jikin reza, ko a tsumma, ko a zaren da aka ɗaure hannu da shi ranar Juma'a, zai iya sa wa wani cuta ranar Alhamis mai zuwa. Kuma ta fi ƙwayar cutar ƙanjamau saurin kamuwa nesa ba kusa ba.

Nawa ne masu ita? Babban binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na mutanen da ke tsakanin shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. A lissafin kasuwa, kusan mutum ɗaya cikin sha biyu ke nan. Ka tara samari ashirin da huɗu a bayan fili suna shirin shiga, a wannan lissafin biyu na iya kasancewa da ita. Mafi yawansu ba su sani ba, don tana iya zama shekaru shiru, mutum garau, yana kisa a fili ana masa kirari, ita kuma tana cin hanta a hankali. Sai daga baya ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, ko kansar hanta ta bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya, kuma ta kashe kimanin miliyan 1.1 a shekarar.

An taɓa ganin ta yaɗu a wasa? An gani. A Japan akwai kokawarsu ta gargajiya, sumo, ta manyan ƙarti. Likitoci sun wallafa rahoto a 1982 kan ƙungiyar sumo ta wata makarantar sakandare: 'yan wasa 10, biyar sun kamu da ciwon hanta cikin shekara ɗaya. Da aka bi diddigi sai aka samu ɗaya daga cikinsu na ɗauke da cutar, yana kuma yawan samun ƙujewa da ke fitar da jini wajen atisaye. Ba allura, ba reza, gogayya ce kawai da rauni a buɗe.

To mu namu ya fi haka, saboda muna da tsaga. Duk wanda ya san 'yan dambe ya san waɗannan jerin tabon da ke hannunsu. A tsaga fata, a shafa magani, wai hannu ya yi nauyi. Ba na zo in yi gardama kan ko maganin na ci ko ba ya ci ba, wannan hirar wata rana ce. Tambayata ɗaya: rezar ta wa ce? In mai magani ya tsaga yara biyar da reza ɗaya, ya kuma riƙa tsoma yatsa a kasko ɗaya yana goga wa kowa a kan jini, wallahi duk abin da ke jinin na farko ya isa ga na biyar. Goge reza da tsumma ba ya kashe komai. Ɗauraye ta da ruwa ma haka. Haka maganar take wajen ƙaho, da aski, da yankan farce a bakin kasuwa. Reza sabuwa nawa take? Ba ta kai kuɗin shiga gidan dambe ba. Ka sayi taka, ka buɗe ta da hannunka, a yi maka, ka karya ta ka binne.

Sai zare da tsumman ɗaurin hannu. Yaro mai tasowa ba shi da nasa, sai ya ari na maigidansa, har alfahari yake da hakan. Amma zaren nan ya sha fuskar mutum nawa? Ya fasa gira, ya fasa leɓe, aka kwance aka jefa a jaka. Gobe a ɗaura shi a hannun da aka tsaga shekaranjiya, a kuma kai shi fuskar wani. Ga tsumma ɗaya da ake goge wa kowa jini tsakanin turmi da turmi. Kun ga hanya ta buɗe ta kowane ɓangare.

Bari in tsaya nan in gyara wani abu, kada a tashi daga shirin nan a fara gudun mutane. Ciwon hanta na B ba a ɗaukarsa ta musabaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko zama a tabarma ɗaya. Ƙanjamau ma ba ya bin gumi. Kofar ita ce jini ya sadu da rauni, ko ido, ko cikin baki. Kuma wanda gwaji ya nuna yana da ita, ba ƙarshensa ke nan ba. Akwai magani irin tenofovir da ke danne ƙwayar ya kare hanta, likita ne zai duba ya ce ko mutum na buƙatarsa. Abin da ke kashewa shi ne a ɓoye, a koma jiƙe-jiƙen da ke ƙara wa hanta aiki.

Na biyu, cututtukan fata, su kuma 'yan kokawa suka fi shafa. Makero, ƙazuwa, maruru. Akwai kuma ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a gefen leɓe lokacin zazzaɓi. Wannan ƙwayar cuta ce, kuma in aka goga fuska da fuska tana iya bazuwa a wuya da kai, in ta shiga ido tana iya lalata gani. A 1989 a jihar Minesota ta Amurka, a wani sansanin horar da 'yan kokawa, samari 60 cikin 175 suka kamu. A 2007 sai da jihar ta dakatar da kokawar makarantun sakandare gaba ɗaya na kwana 8 saboda ita. Shi ya sa a can ake duba fatar ɗan kokawa kafin ya shiga, wanda aka ga ƙurji a jikinsa ya koma benci.

Kan makero ina da gargaɗi. Yawancinmu kemis muke zuwa a ba mu man nan mai haɗi uku, irin wanda ake bilicin da shi. Ƙaiƙayi ya lafa kwana biyu, mutum ya ce ya warke. Sinadarin da ke cikinsa kwantar da ja da ƙaiƙayi yake, makeron kuma ya samu sarari ya faɗaɗa. Na jiki, man kashe makero zalla irin clotrimazole ake shafawa sati biyu zuwa huɗu ba fashi. Na kai kuwa sai an haɗa da ƙwayar sha, don haka a ga ma'aikacin lafiya. Ƙazuwa kuma duk 'yan ɗaki ake yi wa magani rana ɗaya, a wanke kaya da shimfiɗa, in ba haka ba ta dawo. 'Yan ƙwallo masu musayar riga da safa da jiƙaƙƙen gumi, da ku nake.

Kada a manta filin kansa. Ƙasa ce, sau da yawa inda dabbobi ke bi suna kashi. A nan ƙwayar tetanus ke zama, ciwon da ke sa jiki ya sandare haƙora su datse. Rauni ya samu, sai wani ya ɗebi ƙasa ko toka ya danna wai jini ya tsaya. Don Allah a bari. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da ƙyalle mai tsabta, a rufe, in raunin ya yi zurfi a je a yi allura.

To mene ne abin yi? Babban makami shi ne rigakafi. Najeriya ta sa allurar ciwon hanta cikin rigakafin yara a 2004. Ma'ana duk wanda aka haifa kafin nan, mai yiwuwa ba a yi masa ba. Waɗanda aka haifa bayan nan ma, mu a nan mun san ƙauyukan da ma'aikatan rigakafi suka yi shekaru ba su iya shiga ba saboda 'yan bindiga. In ba ka da katin da ya nuna an yi maka, kada ka ɗauka an yi. Ka fara da gwaji, ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako cikin 'yan mintuna. In ba ka da ita, allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida daga ta farko. Ka cika ukun. Ranar da ka shiga Birnin Gwari ko Funtuwa ko Zariya sayar da hatsi, ka ware awa ɗaya ka tambaya a asibiti. In kana da aure, ku je tare da maiɗakinka. Jariri kuma a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa, domin wanda ya kamu yana jariri, kusan tara cikin goma tana zame musu ta dindindin.

Sauran aikin na masu fili ne. Sarakunan dambe, alƙalan wasa, masu shirya gasa, iyayenmu, da girmamawa nake roƙonku. Ƙwallon ƙafa tana da doka a rubuce: ɗan wasan da ke zubar da jini alƙali zai fitar da shi, ba ya dawowa sai jinin ya tsaya, kuma babu jini a kayansa. A manyan wuraren damben zamani ana gwada jinin ɗan wasa kafin a ba shi izini. Da irin wannan gwajin aka dakatar da Tommy Morrison a Las Vegas a 1996. Mu ba sai mun jira gwamnati ba. In jini ya ɓalle, a raba, a wanke, a rufe, sannan a koma turmi. Kowane ɗan wasa da zarensa da tsummansa. Mai kula da rauni ya sa safar hannu, ya canja ta tsakanin mutum da mutum. A ajiye bokitin ruwan Hypo ko Jik, kashi ɗaya a ruwa kashi tara, don jiƙa zare da duk abin da jini ya taɓa, ba don zubawa a rauni ba. Mai ƙurji mai ruwa ya huta sai ya warke. Filin da ke iya sa babur ko mota a gasa ba zai gaza sayen kwalin reza da safar hannu ba.

Na san abin da wasu za su ce: tsautsayi ba ya wuce ranarsa, namiji ba ya tsoron jini. 'Yan uwa, Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, yana hanyar Sham da tawagarsa aka sanar da shi annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya. Wa zai kira shi matsoraci? Ɗan damben kirki ma da garkuwa yake shiga, ba ya miƙa fuska ya ce ƙaddara ce.

Don haka ga aikin da na ba ku wannan makon. In kana da ƙane ko aboki mai sa zare ko mai kokawa, ka tura masa wannan, ka kuma tambaye shi ido da ido: rezar da aka yi maka tsaga, kai ka saye ta? An taɓa gwada jininka? In amsar a'a ce, ka raka shi.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya dawwamar da zaman lafiya a Birnin Gwari da kewaye. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.