Amosanin Gaɓɓai: Kira ga Mutanen Ƙofar Kware



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne amosanin gaɓɓai, wanda jama'a suka fi sani da sanyin ƙashi. Da yake ba ya kashe mutum farat ɗaya, ba a cika ɗaukarsa a bakin komai ba, alhali kuwa shi ne yake raba manomi da fartanyarsa, ya raba uwargida da turminta, ya hana dattijo sujada yadda ya saba.

Da farko, ya kamata mu sani cewa ciwon ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda yake zuwa da tsufa ko ƙiba ko yawan ɗaukar kaya, inda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa yake zaizayewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne suke da shi, kuma gwiwa ya fi kamawa. Akwai kuma wanda garkuwar jiki ce take juyowa ta far wa gaɓɓai, yatsu su kumbura, su sandare da safe. Shi wannan ya kama mutum miliyan 18, kimanin kashi 70 cikin ɗari mata ne. In an gano shi da wuri akwai magungunan da ke tsayar da ɓarnarsa. In an yi jinkiri, yatsun da suka karkace ba sa komawa daidai.

To, jama'a, ga inda matsalar take. Mai wannan ciwo yana ganin likita na 'yan mintoci, sauran kwanakin wata kuwa shi kaɗai yake fama. Cikin wannan kaɗaici ne wani zai ce masa jifa ne, wani ya tura shi kemis ya riƙa shan diclofenac ko dexamethasone kullum ba da izinin likita ba. Na farkon yana iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, na biyun kuma hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi.

A ƙarshen shekarun 1970, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Kate Lorig ta Jami'ar Stanford da ke Amurka ta tsara wa masu ciwon zama na mako-mako har mako 6, wanda mutanen gari da aka horar suke jagoranta, da yawansu masu ciwon ne su ma. Suna koyon motsa gaɓɓai, da shan magani bisa ƙa'ida, da yadda za su jure ɓacin rai. Bincike ya nuna zafin ciwonsu ya ragu, zuwansu asibiti ma ya ragu.

Mu a Sakkwato ba sai mun aro zama tare daga wani wuri ba. Muna da majalisa a ƙofar gida, mata suna da adashi da makarantun Islamiyya. Saboda haka ina ba da shawara uku. Ta ɗaya, da yardar mai unguwa da limamai, a kafa zaman masu ciwon sau ɗaya a mako, na maza daban, na mata daban, don matan kulle su samu zuwa. Ta biyu, ɗaliban likitanci da na jinya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su riƙa halarta suna bayani da Hausa, malamai kuma su tunatar da cewa Shari'a ta yarda wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune. Ta uku, a yi ɗan asusu na kuɗin mota, don duk wanda gaɓɓansa suka kumbura makonni a jere a raka shi Asibitin Koyarwa ko Asibitin Ƙashi na Wamakko.

Wannan zama ba zai maye gurbin likita ba, kuma kada wani ya ba ɗan'uwansa ragowar maganinsa a wurin. Ranar 12 ga Oktoba ce ranar masu wannan ciwo ta duniya. Ina roƙon ƙungiyarmu ta ɗalibai ta sa hannu a fara zaman farko kafin ta zagayo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.