JAWABI A KAN TUMBUƊIN JINJIRI

Maigari, liman, dattawa, uwayenmu mata, da ku ƴan uwa da kuka komo daga bida, ina gaishe ku, ina roƙon ku ba ni kunne.

Maganarmu ta yau a kan jinjirin da ke shan nono ya maido shi ce, abin da muke ce ma tumbuɗi. Da an ga nono ya zubo bisa zanen goyo, sai a ce nonon uwa ya ɓaci. Daga nan a ɗura ma yaro bauri ko jiƙo, wani lokaci har a fidda shi daga nono. Wannan ɗuri da wannan yaye sun fi tumbuɗin haɗari nesa ba kusa ba.

Ga yadda abin yake. A bakin tumbi akwai wata tsoka mai tsukewa bayan abinci ya shige. Ta jinjiri ba ta yi ƙwari ba tukuna. Tumbinsa ƙarami ne, abincinsa ruwa-ruwa, kuma kwance yake wuni. Goran da aka cika ba marfi, in aka kwantar da shi, ai sai ya zuba. Tumbuɗi yakan yawaita wajen wata 4, ya ragu in yaro ya fara zama, kuma mafi yawan yara sun bar shi wajen shekara 1.

To, me ya kamata a yi?

Na ɗaya: a ba shi nono kaɗan-kaɗan, sau da yawa, kar a jira sai yunwa ta sa shi kuka.

Na biyu: in yana sha, kansa ya fi cikinsa tudu.

Na uku: in ya gama, a aza shi a kafaɗa, a shafa bayansa har ya yi gyatsa, a riƙe shi a miƙe minti 20 zuwa 30. Kar a goya shi nan take a tamke zane a tafi daka, don matsi da girgiza su ke koro nonon. Kaka ko uba na iya wannan riƙo.

Na huɗu: in zai yi barci a kwantar da shi rigingine, ba rub-da-ciki ba, ko da yana tumbuɗi.

Na biyar: nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa, ba bauri, ba kunu, ko da cikin zafin bazara. Tun 2001 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta tsai da wannan shawara.

Ku ƴan bida na Abijan, Legas da Kano, in an aiko muku cewa yaro na tumbuɗi, kar ku aiko da madarar gwangwani da bulumboti. In aka dama ta da ruwan rijiya, zawo take kawowa. Ku aiko ma maijego abin sayen hatsi, wake da nama, da kuɗin mota zuwa likita.

Mai raba gardama shi ne sikeli. A kai yaro awo kowane wata, a rubuta cikin karnensa. In nauyi na hawa, yana fitsari, yana wasa, tumbuɗinsa aikin wanki ne kawai.

Amma a garzaya likita ba jiran gobe in aman kore ne, ko da jini a ciki. In yana feshowa da ƙarfi bayan kowane sha, musamman ga ɗan sati 2 zuwa 8. In yaro ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko cikinsa ya kumbura. In maɗigarsa ta faɗa, fitsari ya ragu. Ko kuwa nauyi ya tsaya.

Dattawa, ku ke da iko cikin gida. In kun ce kar a yaye yaro, ba mai yaye shi. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka.