Ranar da Jirgin Wasiƙa Ya Shiga Ikko

Yau saƙo kan isa Ingila kafin ka ajiye wayarka. A Ikko ta zamanin Turawa kuwa, ɗan kasuwa kan yi makonni yana zuba ido a kan teku.

Tun 1852 kamfanin African Steam Ship Company na Macgregor Laird ya karɓi kwangilar ɗaukar wasiƙu tsakanin Ingila da gaɓar Afirka ta Yamma, da jiragen ruwa masu aiki da tururi. A 1874 Ikko ta sami kan sarkinta, ɗauke da hoton Sarauniya Victoria. Cikin jakunkunan wasiƙu farashin manja da takardun kuɗi suke zuwa, shi ya sa ranar isowar jirgi gidan waya ba ya shiguwa.

Amma abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne bakin mashigar tashar jiragen ruwan Ikko. Tudun yashi ya tare ta, igiyar ruwa ga ƙarfi. Babban jirgi sai ya tsaya can waje, a sauke mutane da wasiƙu cikin ƙananan jirage. An yi asarar rayuka a wurin, kuma matuƙa 'yan Afirka ne ke wannan kasada.

Sai da aka yi ta jigilar duwatsu daga wajen Abeokuta ana gina katangu cikin teku, sannan jirgin wasiƙa mai suna Akoko ya shiga har cikin tashar a 1914. A lokacin dogo ya riga ya kai Kano, wasiƙa na hawa, gyaɗa na gangarowa.