Kada Ka Kori Ɗan'uwanka Cikin Annoba

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Nehemiya sura 5, aya 1 zuwa 13. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, bari ya buɗe, mu bi tare.

Kun tuna shekara ta 2020, lokacin da cutar korona ta shigo ƙasarmu. A ran 30 ga watan Maris gwamnati ta hana fita a Legas da Abuja, daga baya jihohi da yawa suka bi. Aka rufe kasuwanni, makarantu, har da majami'u. Aka ce kowa ya zauna a gida. To, mai tuƙa keke, da mai suyar ƙosai, da malamin makarantar kuɗi, abin da suka samo yau shi ne abincin yau. Aiki ya tsaya, amma kuɗin haya bai tsaya ba.

A unguwar da nake wa'azi akwai wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, tana haya ɗaki ɗaya. Kuɗin hayarta ya ƙare ana tsakiyar kulle. Wata safiya mai gidan ya zo da kafinta, ya cire ƙofar ɗakin. Abin da ya fi ba ni baƙin ciki, shi da ita a majami'a ɗaya suke cin Jibin Ubangiji.

Irin wannan kuka ne ya kai kunnen Nehemiya. Ana gina garun Urushalima, ga yunwa a ƙasar, ga harajin sarki. Talakawa suka jinginar da gonakinsu da gidajensu domin su sami hatsi, waɗansu har 'ya'yansu suka shiga bauta. Su wa suke karɓan gidajen? 'Yan'uwansu ne Yahudawa, masu hali. Nehemiya ya husata ƙwarai, amma ya yi tunani tukuna, sa'an nan ya tara jama'a, ya ce wa manya su mayar da gonakin da gidajen a wannan rana. Ya kuma fara da kansa, gama shi ma ya ba da rance. Shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da ya kamaci gwamna ba, saboda nauyin da yake kan mutane.

Ku lura, Allah bai ce bashi ba bashi ba ne. Cikin Maimaitawar Shari'a sura 24, ya yarda mai bin bashi ya karɓi jingina, amma ya sa masa iyaka: ya tsaya a waje, kada ya shiga ɗakin mutum. In kuwa mayafin matalauci ne ya karɓa, sai ya mayar masa kafin rana ta faɗi, domin ya sami abin rufa da dare. Idan Allah ya kula da mayafi haka, balle ɗakin da yara suke kwana?

Har hukumomin duniya sun gane wannan. A Amurka, cikin watan Satumba na 2020, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta hana a kori masu haya da suka kasa biya, har zuwa Agusta na 2021 da Kotun Ƙoli ta kawo ƙarshen umarnin. Dalilinsu shi ne, wanda aka kora yakan je ya cusa kansa gidan dangi, mutum biyar su zama goma a ɗaki ɗaya, cuta kuwa ta sami hanya. Ba a yafe kuɗin ba, korar ce aka dakatar. A lokacin annoba, ɗaki ma magani ne.

Mai gida, ka san cewa ko ba annoba, doka ba ta ba ka iko ka cire ƙofa ko kwano, ko ka watsar da kayan mutum waje ba. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta ce, in ba ku yi wata yarjejeniya dabam ba, mai biyan shekara a ba shi notis na wata 6, mai biyan wata a ba shi na wata 1, kotu ce kuma take da ikon fitar da shi. Jihohi suna da nasu dokokin, sai ka tambayi lauya. Amma kai da kake kiran sunan Yesu, ka wuce abin da doka ta ce. Ka ba shi lokaci, ka karɓa kaɗan kaɗan, in kana da hali ka yafe wata ɗaya ko biyu.

Kai kuma mai haya, kada ka fake da annoba. Kada ka riƙa ɓuya in ka ji muryar mai gida. Ka je ka gaya masa gaskiya, ku rubuta abin da kuka shirya a gaban shaidu, ka cika alkawari. Mai gida da yawa tsoho ne ɗan fansho, da kuɗin nan yake sayen magani.

Haka muka tarar da mai gidan da na faɗa muku. Da dattawan ikkilisiya suka je wurinsa, sai muka ji matarsa tana kwance, ba kuɗin asibiti. Zumuntar mata suka tara rabin kuɗin, ya yarda ya jira sauran, ya mayar da ƙofar da hannunsa. Da mun tambaya tun da wuri, da ba a kai ga wannan kunya ba.

Korona ta lafa, amma kwalara da zazzaɓin Lassa suna dawowa kusan kowace shekara. Bari kowace ikkilisiya ta ajiye ɗan baiko dabam saboda wannan rana, dattawa kuma su san waɗanda suke haya a cikinsu.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne mafakarmu. Ka tausasa zuciyar masu gidaje, ka buɗe hanya ga masu haya, ka koya mana ɗaukan nauyin juna. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa idan Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.