Cutar Ɗigon Ganye a Gonar Gyaɗa: Jawabi ga Hakimai da Malamansu



Maganarmu ta yau a kan gyaɗa ce, da wata cuta mai kama ganyenta, wadda manoma da yawa ba su ɗauke ta cuta ba. Kowa ya san matsayin gyaɗa a ƙasar nan tun shekarar 1912, sa'ad da jirgin ƙasa ya fara kwasarta daga Kano zuwa Ikko. Zamanin dalar gyaɗa ya wuce, amma har yanzu daga gare ta talaka ya ke samun mai da ƙuli-ƙuli da kuɗin sutura, harawarta kuwa ita ke riƙe dabbobinsa da rani. Saboda haka abin da ya taɓa ganyen gyaɗa ya taɓa rumbu, ya taɓa turke.

Yadda a ke gane cutar

Cutar iri biyu ce. Ta farko ta kan bayyana wajen wata guda bayan shuka. Ɗigonta ruwan ƙasa ne, sau da yawa da zobe rawaya kewaye da shi, an kuwa fi ganinsa a saman ganye. Ta biyu ta kan zo daga baya, sa'ad da damina ta yi nisa. Ɗigonta ya fi baƙi, in an juya ganyen za a ga bayansa da ɗan kaushi. Dukansu daga ganyen ƙasa su ke farawa su hau sama. In ɗigo ya yi yawa sai ganyen ya yi rawaya ya kaɗe.

Kada a haɗa ta da kuturtar gyaɗa, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Arewa a shekarar 1975. Ita kuturta darɓa ke yaɗa ta, ta kan tsuke tsiro ta murɗe ganye. Ɗigon ganye kuwa wata ƙwaya ce dangin fumfuna ke kawo shi, maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Inda ta ke fitowa

Ƙwayar nan ta kan ƙetare rani cikin ragowar ganye da karan gyaɗar bara da a ka bari a gona, da kuma jikin gyauro. Da ruwa ya sauka sai ta farka. Iska da fantsamar ruwan sama su ke ɗaukar ta daga ƙasa zuwa ganye, daga ganye zuwa ganye. Abin da ta fi so shi ne ɗumi da ganye mai kwana a jiƙe. Daga shigarta ganye zuwa fitowar ɗigo a kan yi kwana 10 zuwa 14, watau kafin ido ya gan ta ta riga ta zauna.

Hasarar da ta ke jawowa

Ganye shi ne madafar tsiro, a cikinsa a ke haɗa abincin da ke cika ƙwaya. In ganye ya zube kafin lokaci, ƙwaya ba ta cika, jijiyar da ke riƙe kwanso kuma ta kan yi rauni, har in an zo cira rabo mai yawa ya tsinke ya zauna cikin ƙasa. Inda cutar ta yi tsanani ba a yi kome ba, hasara ta kan kai rabin amfanin gona, harawa kuma ta zama kara tsura.

Ga wani kuskure da ya kamata ku gyara wa jama'a. Manoma da yawa in sun ga ganye ya yi ɗigo yana zuba sai su ce gyaɗa ta nuna, su hau cira. Zubar ganye ba shaidar nuna ba ce. A tuge gindi kaɗan daga wurare dabam dabam na gona, a fasa kwanso. In cikin ɓawon ya yi duhu a yawancinsu, ƙwaya kuma ta cika, to, ta nuna. In fari ne fat, da saura.

Rigakafi

Na farko, kada a maimaita gyaɗa a gona ɗaya shekara bisa shekara. A bi ta da gero, ko dawa, ko masara, shekara 2 ko 3, gama cutar ba ta kama waɗannan.

Na biyu, bayan cira a kwashe harawa sarai, abin da ya rage a binne shi da huɗa. Gyauro kuma a tuge shi duk inda ya fito.

Na uku, a yi shuka da wuri da zarar ruwa ya zauna, domin gyaɗa ta yi ƙarfi kafin cutar ta yawaita. A yi noma a kan kari, gama ciyawa ta kan hana iska ratsawa, ganye ya daɗe bai bushe ba.

Na huɗu, a nemi iri mai kyau. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1962, ta fitar da irin gyaɗa masu suna SAMNUT. Malamin gona shi zai faɗi wanda ya dace da ƙasarku da tsawon daminarku.

Magani

Mai hali ya iya yin feshi da maganin fumfuna, kamar mankozeb. A kan fara wajen kwana 30 zuwa 40 bayan shuka, ko da ganin ɗigon farko, a maimaita bayan kowane mako 2. Amma fa a sani, feshi ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu, lafiyayyen ganye ya ke tsarewa. Maganin ƙwari kuma ba ya taɓa wannan cuta, sayensa dominta ɓarnar kuɗi ne. Lalle a bi awon da ke rubuce a jikin takardar magani, a duba ranar da za a daina feshi kafin cira, a kuma duba ko an yarda a ba dabbobi harawar, gama akwai magungunan da a ka hana haka. Mai feshi ya rufe hanci da hannu, kada ya ci goro ko ya sha taba yana aiki, kada kuma a zuba ruwan sha ko mai cikin mazubin magani.

Shuke-shuken tukunya

Irin wannan cuta ta kan kama furanni da a ke ajiyewa cikin tukwane a ofis ko a baranda, hanyar tsaro kuwa ɗaya ce. A tsinke ganyen da ya yi ɗigo a ƙone, a share wanda ya faɗa cikin tukunya. A zuba ruwa a gindi da safe, kada a jiƙa ganye. A ware tukunyar da ta kamu, a ba sauran tazara inda iska ke shiga.

Abin da a ke roƙonku

Hakimai, ku tara dagatai da masu unguwa tun kafin ruwa ya sauka a karanta musu wannan bayani, su kuma su kai shi ga talakawa a masallaci da kasuwa. Malamai, in kun fita rangadi ku shiga gona ku juya ganye, ku rubuta sunan ƙauye da ranar da a ka fara ganin ɗigo, a aika wa malamin gona ba tare da jinkiri ba. Labarin da ya iso cikin watan Yuli ya iya ceton gona. Wanda ya iso ranar cira, sai dai a yi jaje.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ja zamanin Sarakunanmu, amin. Wassalam.