Haruffa Biyu, Ma'ana Biyu

Malaman usulu sun daɗe da sanin wahalar lafazin da suke kira mushtaraki, wato kalma ɗaya mai ma'anoni da dama, wadda ba a gane muradin mai faɗinta sai da ƙarina. To, ga shi wannan tsohuwar mas'ala ta kutsa har ɗakunan manyan kwamfutocin IBM, waɗanda bankuna ke dogaro da zuriyarsu tun fitowar System/360 a 1964.

Ku dubi haruffan CP. A bakin injiniya, ƙwaƙwalwar na'ura ce mai yin lissafi. A bakin mai kula da manhajar VM kuwa, shiri ne mai raba na'ura ɗaya ga ma'aikata da yawa, alhali kuwa su biyun a akwati guda suke zaune. Idan waya ta yi ƙara da tsakar dare, aka ce CP ya tsaya, wa za a tasa daga barci? Wannan shubuha tana damuna ƙwarai, domin albashin bayin Allah ne ke jira.

Hatta sunan wata manhajar IBM, CMS, asalin harafinsa na farko garin Cambridge yake nufi, sai a 1972 aka sauya fassarar, aka bar haruffan yadda suke.