Taron Kamfani Ba Biki Ba Ne: Abin Da Sabon Shiga Ya Kamata Ya Sani

 Yau hirarmu da masu son shiga harkar shirya taron kamfanoni ce, musamman ku da kuka saba da kamu da walima, kuna ganin ai duk taro taro ne. To, da sauran rina a kaba. A biki uwar amarya kake faranta wa. A kamfani kuwa, wanda ya ba ka aikin shi ma yana da oga a samansa, ga akanta da zai bi diddigin kowane kwabo.

Tambayarka ta farko ita ce: me ake son taron ya haifar? Ƙaddamar da sabon kaya daban, horar da ma'aikata daban, taron shekara-shekara na masu hannun jari daban. Shi wannan na ƙarshen ma doka ce ta tsara shi. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta ce a sanar da masu hannun jari kwana 21 kafin zama. Ka ga idan zaure ya kufce maka, babu zancen a ɗaga zuwa jibi. Saboda haka ka kama wuri a rubuce kafin sanarwa ta fita.

Sai maganar kuɗi, nan ne sabon shiga ya fi karyewa. Yawancin kamfanoni ba sa biya duka kafin taro. Za su ba ka takardar odar aiki, wataƙila da wani kaso, ragowar sai ka kai takardar neman biya, ka jira makonni. Mai abinci da mai lasifika da mai zaure kuwa kafin alƙalami suke so. Wa zai cike giɓin? Kai ne. Don haka kafin ka ce "na karɓa", lissafa nawa za ka fitar daga aljihunka, kuma har yaushe.

Kada ka manta da haraji. VAT a Najeriya kashi 7.5 ne cikin ɗari tun 2020. A aikin naira miliyan 4, naira 300,000 ke nan. Tambayi akantansu tun farko: farashin nan har da haraji ne ko babu? Me za a cire kafin a turo min? In ba ka tambaya ba, ribarka ce za ta biya. Duk ƙarin da aka yi maka ta waya, "ƙara mana kujeru 50", ka ce a turo a rubuce.

Ranar taro, ka riƙe takardar tsarin lokaci, minti-minti, da sunan wanda ke kula da kowane abu. Ware lokacin sallah, kuma ka duba Juma'a da watan azumi tun kafin a tsayar da rana. Gwada majigi da makirufo tun jajibere, ka ga janareto da dizal da idonka. Ku yanke da kamfanin tun da wuri: in babban baƙo ya makara, za a fara ko za a jira? Kada a bar maka wannan hukuncin a gaban jama'a.

Shawarata, fara da horon mutum 30, ko ka bi wani gogagge ka ɗauki masa kaya na ɗan lokaci. Kamfanin da ka fitar kunya sau ɗaya, shi zai sake nemanka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba da sa'a.